Zama a waje na rage mini damuwa, ko dai gudun matsalata nake yi?

Uwar_Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da tambaya, don Allah kada a yi mini dariya. Kusan wata biyar ke nan damuwa ta sako ni gaba. Aikin maigidana ya tsaya, mahaifiyata na kwance ba lafiya, ga yara biyu. In na kwanta jiki ne kawai yake kwanciya, kai ba ya tsayawa. Ina sallah, amma sai na yi sallama in rasa wace sura na karanta.

Wata rana bayan Asuba barci ya ƙi dawowa, ɗakin ya yi mini kamar ana matse ni a ciki. Sai na ɗauki 'yar kujera na fita, na zauna gindin wata bishiya da ke bayan gidan da muke. Ba abin da na je yi. Idona ya faɗa kan wata tururuwa tana jan fiffiken wani ƙwaro da ya ninka ta girma. Ta zo bakin wata tsaga a ƙasa, ta rufta da kayanta, ta fito, ta sake ruftawa. Sau huɗu na ƙirga. A na biyar ta saki hanyar, ta kewaya ta gefe ta wuce. Kawai na ji bakina ya ce Subhanallah, ban shirya ba. Rabon da tasbihi ya fito mini daga can ciki haka, na manta.

Tun ranar kusan kullum nake fita, kamar minti ashirin. Ba abin da ya canja a gidanmu, amma ƙirjina na yin sauƙi. Tambayata biyu ce. Wannan sauƙin na gaske ne, ko gudun matsala nake yi? Ta biyun ita ta fi damuna: wani lokacin ina jin na fi tuna Allah a gindin bishiyar nan fiye da kan sallaya. Akwai laifi a wannan?

Tsohon_Direba:
Wa alaikumus salam. 'Yata, mai gudun matsala ba ya dawowa ya dafa wa yara abinci bayan minti ashirin. Injin ma in ya yi zafi tsayawa ake yi a buɗe shi ya sha iska. Allah Ya ba mahaifiyarki lafiya.

Ummu_Hanan:
Amin ya Rabbi. Wallahi kamar ni kika rubuta wa. Ni tawa tagar kicin ce kawai, amma ko ita tana yi mini magani.

Ɗalibin_Ilimi:
Malama, abin da kika yi yana da suna a addini, tafakkuri ne. Ki duba ƙarshen Ali Imrana, aya ta 190 da 191. Allah Ya ce a cikin halittar sammai da ƙasa da saɓawar dare da yini akwai ayoyi ga masu hankali, sannan Ya siffanta su da cewa suna ambatonSa a tsaye da zaune da kwance a kan gefensu, kuma suna tunani a kan halittar sammai da ƙasa. Ki lura an haɗa zikiri da tunani a wuri guda.

Kuma akwai hadisin Ibn Abbas a Bukhari, daren da ya kwana a ɗakin 'yar'uwar mahaifiyarsa Maimuna, matar Annabi (SAW). Annabi (SAW) ya farka cikin dare, ya ɗaga kai ya dubi sama, ya karanta waɗannan ayoyin, sannan ya yi alwala ya tayar da sallah. Kallon saman ya zo kafin sallar, ya yi mata share fage.

GaskiyaƊaya:
Ni dai sai na ce a yi hattara. Yanzu zamani ya zo da wata irin magana ta cewa mutum ya je daji ya haɗu da Ubangiji, ba sai da masallaci ba. Daga nan ake fara zamewa. Wanda ya ce ya fi jin Allah a gindin bishiya a kan sujada, to akwai gyara. Bawa ya fi kusa da Ubangijinsa yana sujada, haka hadisi ya ce a Muslim. Ba a ce yana kallon tururuwa ba.

Uwar_Biyu:
Malam GaskiyaƊaya, ai shi ya sa na tambaya. Ban bar sallah ko ɗaya ba.

Malama_Alli:
GaskiyaƊaya, hadisin da ka kawo ingantacce ne, amma ka yi wa baiwar Allah nan tsauri. Kusanci daban, jin kusancin daban. Tana sujada ta fi kusa, ko ta ji a ranta ko ba ta ji ba. Abin da take faɗa shi ne a kan sallaya hankalinta na kan kuɗin magani, a waje kuma ya sake ta. Laifin ba na sallaya ba ne, na zuciyar da ta gaji ne. Uwar_Biyu, ki gwada juya tsarin: ki fita ki zauna kafin wata sallar, ba bayanta ba. Ko ki ɗauki sallayar ki fita da ita ki yi nafila a can in wurin yana da tsarki da sutura. Ai an sanya mana ƙasa duka ta zama wurin sallah.

Ɗan_Lissafi:
Bari in taɓa tambayar farko, don duk an ruga kan ta biyu. An yi bincike a kan wannan ba ɗaya ba ba biyu ba. A 2015 wasu masana a Jami'ar Stanford da ke Amurka sun raba mutane gida biyu. Wasu suka yi tafiyar minti 90 a fili mai ciyayi da bishiyoyi, wasu suka yi irin wannan tafiyar a gefen babban titi mai cunkoson motoci. Waɗanda suka bi cikin bishiyoyi sun dawo da raguwar wannan tunanin mai kewayawa wuri guda, irin wanda kike bayani, kuma hoton ƙwaƙwalwarsu ya nuna sashen da ke da alaƙa da shi ya lafa. Na gefen titi ba a ga wannan sauyin a wurinsu ba, alhali tafiyar tsawonta ɗaya.

Sai wani a Ingila da aka wallafa a 2019, na mutum kusan 20,000. Aka ga waɗanda ke yin aƙalla minti 120 a mako a cikin irin waɗannan wurare sun fi ba da labarin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali. Kuma ba sai a zama ɗaya ba, ko a rarrabe ne. Minti ashirin ɗinki sau bakwai ya ba da 140, kin ma haye.

Mai_Shakka:
Ɗan_Lissafi, na Ingila ɗin nan ba ya nuna fitar ce ta kawo lafiyar. Mai lafiya da kwanciyar hankali ai shi ne dama yake iya fita yawo. Mara lafiya yana gado. Ta yiwu kaza da ƙwai ne.

Ɗan_Lissafi:
Ka yi gaskiya, tambayar mutane aka yi, ba gwaji ba ne. Amma ga wanda zai fi maka. A 1984 wani masani mai suna Roger Ulrich ya bi bayanan marasa lafiya 46 da aka yi wa tiyatar matsarmama a wani asibiti a jihar Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu na kallon bishiyoyi, rabin kuma bangon bulo. Ba su suka zaɓi ɗakin ba. Masu kallon bishiya sun fi saurin barin asibiti, kuma sun fi ƙarancin buƙatar maganin ciwo mai ƙarfi. Adadin kaɗan ne, na yarda, amma duk suna gado.

GaskiyaƊaya:
To ga shi nan. Sai Bature ya auna kafin mu yarda. Allah Ya riga Ya ce da ambatonSa zukata ke natsuwa, Ra'adu aya ta 28. Wannan bai ishe mu ba?

Ɗan_Lissafi:
Ya ishe mu, Malam. Amma wanda Ya saukar da ayar shi Ya halicci ƙwaƙwalwar da aka auna. In likita ya auna hawan jininka ba ya nufin ya ƙaryata ƙaddara.

Saratu_B:
Ni Kirista ce, ina fatan ba laifi in sa baki. Mu ma muna da irin wannan. A Matiyu sura 6, da Yesu yake magana a kan damuwa, cewa ya yi a dubi tsuntsayen sama, ba sa shuka ba sa girbi, amma ana ciyar da su, a kuma dubi furannin jeji. A Markus 1:35 kuma ya tashi tun da sauran duhu ya tafi wurin da ba kowa ya yi addu'a. Lokacin da ɗana ya yi wata uku yana jinya, abin da ya riƙe ni ke nan. Akwai wani benci a harabar asibitin, ina zama in karanta Zabura 19, inda take cewa sammai suna bayyana ɗaukakar Allah. Wasu ranakun ban iya karatun ba ma, gajimare kawai nake bi da ido har ya fice. 'Yar'uwa, ki ci gaba da fita.

Ɗalibin_Ilimi:
Ba laifi ko kaɗan, Malama Saratu. Maganar tsuntsu ta tuna mini hadisin Umar a Tirmizi: da kuna dogara ga Allah haƙiƙanin dogaro, da Ya azurta ku kamar yadda Yake azurta tsuntsu, ya fita da safe cikinsa wayam ya dawo da yamma a ƙoshe. Malamai suna jan hankali cewa tsuntsun fita ya yi, bai kwanta a sheƙa ba.

Nas_Dare:
Ina so in faɗi wani abu a matsayina na ma'aikaciyar jinya, kada ya ɓace cikin ayoyi da alƙaluma. Akwai damuwar da shan iska ke ragewa, akwai wadda ta zama ciwo. In mutum ya yi mako biyu ko fiye ba abin da ke yi masa daɗi, abinci ya fita ransa, barci ya lalace, aikin gida ya gagare shi, ko ya fara jin gara ma ya mutu, wannan likita yake buƙata, kuma da wuri. Yana da magani. Na ga mutanen da aka yi ta ce musu raunin imani ne har abin ya yi nisa, wasunsu sun fi mu ibada. Uwar_Biyu, wata biyar ba kaɗan ba ne. Ki ci gaba da fitarki, amma ki duba kanki da gaskiya, kuma in kin kai Mama asibiti ke ma ki yi wa likita bayanin naki.

Wani abu kuma da ba a ambata ba shi ne haske. Hasken safiya shi ke saita agogon jiki, shi ke gaya wa jiki yaushe zai farka yaushe zai ji barci. Hasken ɗaki mai fitila bai kai ko kusa da na waje ba, ko da rana ta ɓuya cikin hadari. Zamanki na safe zai iya zama dalilin da barcinki zai gyaru da dare.

Uwar_Biyu:
Na gode Nas. Gaskiya abinci ina ci, kuma ban taɓa tunanin mutuwa ba, Alhamdulillah. Barcin ne matsala. Amma zan yi magana da likita in sha Allahu, ban taɓa kawo hakan a raina ba, kullum Mama ce mara lafiyar.

Sauro_Ya_Ci_Ni:
Ni na gwada jiya da magariba saboda wannan zaren. Tafakkurin da na yi duka a kan hikimar halittar sauro ne. Na dawo da ƙafa kamar an yi mata zane.

Tsohon_Direba:
Ai ko sauron an buga misali da shi a Baƙara, yaro. Ka samu darasinka.

Baƙon_Birni:
Duk maganar nan ta masu bishiya a bayan gida ce. Ni a hawa na shida nake, in na leƙa taga bene nake gani da wayoyin lantarki. Ina fita aiki da duhu in dawo da duhu. Ina zan samo minti 120 ɗin Ɗan_Lissafi?

Malama_Alli:
Baƙon_Birni, ka buɗe Gashiya daga aya ta 17 zuwa 20. Abu huɗu aka ce a duba: raƙumi, sama, duwatsu, ƙasa. Duk abubuwan da mutumin da aka fara yi wa magana yake gani kullum ne, ba sai ya yi tafiya ba. Kai ba ka da raƙumi, amma hawa na shida ai ka fi mu kusa da sama. In kana fita da duhu, kai ne ma kake ganin fitowar alfijir a hanya. Matsalar ita ce a lokacin kanka yana sunkuye kan waya.

Baƙon_Birni:
Wannan ta same ni, ba musu.

GaskiyaƊaya:
Ina nan dai a kan bakata. Na san wani zai kawo kogon Hira, to tun kafin a kawo: keɓewar Hira kafin saukar wahayi ce. Bayan an aiko shi, Annabi (SAW) bai koma can yin ibada ba. I'itikafi a masallaci yake yi. Kuma Annabi Ibrahim ya kalli tauraro da wata da rana a Suratul An'am, da tauraron ya faɗi cewa ya yi ba ya son masu faɗuwa. Halitta manuniya ce, ba a tsayawa a kanta.

Ɗalibin_Ilimi:
A kan Hira ina tare da kai ɗari bisa ɗari, kuma ba wanda ya ce a mai da gindin bishiya wurin ibada na musamman. Amma kada mu mai da Manzon Allah (SAW) mutumin da bai san waje ba. Ya yi kiwon tumaki, kuma ya ce ba Annabin da bai yi ba. Yakan shiga gonar Abu Ɗalha, Bairuha, ya sha ruwanta. Yakan je Ƙuba duk Asabar, wani lokaci a ƙafa wani lokaci a kan abin hawa. Abu Musa ya same shi a bakin rijiyar Aris, zaune ya yaye ƙwaurinsa ya zura ƙafafunsa ciki. Anas ya ce ruwan sama ya taɓa sauko musu sai ya janye tufarsa don ruwan ya taɓa jikinsa, da aka tambaye shi ya ce ruwan bai daɗe da zuwa daga Ubangijinsa ba. Ya dubi Uhudu ya ce dutse ne da yake son mu muke son sa. Ban da kiwon, wannan duk bayan wahayi ne.

Sai dai in ƙara wani abu da zai yi maka daɗi. Nana A'isha ta ce in ya ga hadari ko iska ana ganin sauyi a fuskarsa, don tsoron kada azaba ce. Ke nan kallon halitta ba kullum yake kawo sanyin rai ba, wani lokacin tsoron Allah yake kawowa. Shi ma kusanci ne.

GaskiyaƊaya:
To, wannan na ƙarshen shi ne ba na ji a bakin masu cewa a je a huta da bishiyoyi. In da shi a ciki, da sauƙi. Amma kalmar "na fi jin Allah a can" har yanzu ba ta kwanta mini ba.

Kakar_Yara:
'Ya'yana, ni ba malama ba ce, jikata ce ma take rubuta mini. Maigidana ya rasu shekara uku da suka wuce. Ya bar wata 'yar bishiya da ya dasa wata biyu kafin ya kwanta, tsawonta bai wuce gwiwata ba a lokacin. Bayan rasuwarsa ban son fita ko ƙofar ɗaki, mutane na shigowa ina jin maganarsu kamar daga cikin rijiya. Wata rana na hango ganyenta sun langaɓe, na ce wannan in ta mutu da me zan amsa. Na ɗebi ruwa a buta na kai mata. Washegari ganyen sun miƙe. Shi ke nan ta zame mini dole, kullum da safe sai na fita. A nan nake yi masa addu'a, a nan na yi kukan da na kasa yi a gaban mutane. Yanzu ta fi ni tsawo, har wata kurciya ta yi sheƙa a ciki, sheƙar ma 'yan tsinke ne kamar iska za ta zubar, amma ta ƙyanƙyashe biyu.

Kewarsa ba ta tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Amma na daina jin kamar an rufe ni da shi.

Ummu_Hanan:
Allah Ya jiƙan Baba, Ya kai haske kabarinsa. Hajiya kin sa ni hawaye. Kuma ladan kurciyar nan yana isa gare shi in sha Allah, tunda an ce duk Musulmin da ya dasa itace tsuntsu ko mutum ko dabba suka ci daga ciki, sadaka ce gare shi.

Saratu_B:
Allah Ya ƙara miki haƙuri, Mama.

Mai_Shakka:
Allah Ya gafarta masa. Amma ku lura da labarin Hajiya: bishiyar ta ba ta aikin yi ne, wani abu mai rai yana jiran ta kowace safiya. Anya ba wannan ne maganin ba, ba iskar waje ba? Da kyanwa ya bari a ɗaki, watakila sakamakon ɗaya ne.

Nas_Dare:
Ta yiwu duka ne, Mai_Shakka. Motsa jiki, haske, rabuwa da waya, abin kulawa. Wa zai iya tsefe su ɗaya bayan ɗaya? A Japan tun 1982 hukumar kula da dazuzzukansu ta fara kiran mutane su riƙa shiga daji don lafiyarsu, har suna suka ba abin, wankan daji. Su ma ba su jira an gama tsefewar ba. Abu ɗaya dai, mata musamman, a zaɓi wuri mai aminci da lokacin da akwai mutane a kusa, kuma wani ya san inda kike.

Baƙon_Birni:
Yau na sa wayar a aljihu daga ƙofar gida har tasha. Akwai wani tauraro mai haske sosai ta gabas kafin gari ya waye, ba ya ƙyaftawa kamar sauran. Shekara huɗu ina bin hanyar nan. Wa ya san sunansa?

Ɗan_Lissafi:
In yana da haske sosai, ba ya ƙyaftawa, kuma ta gabas kafin fitowar rana, mai yiwuwa Zahra ce. Ba tauraro ba ce irin sauran, duniya ce kamar tamu mai kewaya rana, hasken rana take maidowa. Wasu watanni da asuba ake ganinta, wasu watannin kuma da magariba ta yamma.

Uwar_Biyu:
Na dawo in ba da labari. Malama_Alli, na gwada shawararki kwana uku. Ina fita kafin La'asar in zauna, in an kira sallah in shigo. Rana ta farko na san abin da na karanta a raka'a biyun farko, a ta uku kuɗin magani ya dawo. Jiya kuwa ƙaramin ya biyo ni waje, ya ga layin tururuwan ya bi su da takalmi, zaman ya ƙare a faɗa. Malam GaskiyaƊaya, na yi ta juya maganarka. Wataƙila abin da ya kamata in ce shi ne a can nake jin kaina ya yi shiru, ba wai Allah ya fi kusa a can ba. Ban sani ba ko hakan ya fi daidai.

GaskiyaƊaya:
Ya fi. Amma ni da La'asar ɗin za ki riƙa zama bayan sallah ki yi azkar na yamma a can, da ya fi mini.

Malama_Alli:
Kafin sallar dai, Malam. Ai matsalar a cikin sallar take.

Sauro_Ya_Ci_Ni:
Ku dai ku daidaita a kan lokacin da ba sauro, sai ku sanar da ni.